Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Yadda Manhaja Ke Raba Aiki Tsakanin Cibiyoyin Kwamfuta

Gabatarwa

A cikin kowace kwamfuta, da kowace wayar salula ta zamani, akwai wani ɗan fallen silikon da bai fi faɗin farcen babban yatsa ba, wanda shi ne ke yin lissafi da bin umarni. Shi ake kira masarrafa. A da, masarrafa guda ɗaya ma'aikaci ɗaya ce: tana ɗaukar umarni, ta aiwatar, sannan ta ɗauki na gaba. Yanzu kuwa a kan falle ɗaya ana dasa ma'aikata huɗu, ko takwas, ko goma sha shida, kowanne yana iya bin nasa jerin umarnin ba tare da jiran ɗan'uwansa ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ma'aikata shi za a kira cibiya a wannan maƙala.

Mutane da yawa suna zaton cewa na'ura mai cibiya takwas ta ninka mai cibiya ɗaya sauri sau takwas. Zancen ba haka yake ba. Manhajar da aka rubuta don ta bi umarni ɗaya bayan ɗaya, cibiya ɗaya tak za ta yi wa aiki, sauran bakwai ɗin suna zaune. Kafin a amfana da yawan cibiyoyi, sai wanda ya rubuta manhajar ya raba aikin da kansa, kuma raba aiki yana da nasa ƙa'idojin da nasa haɗurran. Wannan maƙala za ta duba dalilin da ya sa aka shiga wannan hali, da irin taimakon da tsarin gina manhaja ke bayarwa, tana mai ɗaukar tsarin .NET na kamfanin Microsoft a matsayin misali, sannan ta nuna iyakar inda taimakon ya tsaya.

Abin da Ya Sa Aka Koma ga Yawan Cibiyoyi

Masarrafa tana aiki ne da bugun wani agogo na lantarki da ke cikinta. Duk bugu ɗaya, taki ɗaya. Masarrafar Intel 4004 da ta fito a 1971 tana da tiransisto 2,300, agogonta kuma yana bugu 740,000 a sakan ɗaya. Pentium ta farko, a 1993, tana bugu miliyan 60 zuwa 66. A shekarar 2000 aka kai bugu biliyan ɗaya a sakan. Cikin waɗannan shekaru talatin, masu rubuta manhaja sun sha daɗi: manhajar da ke jan ƙafa bana, baɗi sabuwar na'ura za ta sa ta gudu, ba tare da an canza ko harafi ɗaya a cikinta ba.

Dalilin wannan ci gaba shi ne ƙanƙancewar tiransisto. Gordon Moore ya lura tun 1965 cewa yawan tiransiston da ake iya dasawa a kan falle ɗaya yana ninkuwa a kai a kai. A 1974 kuma Robert Dennard na kamfanin IBM da abokan aikinsa suka nuna cewa idan tiransisto ya ƙanƙance, ana iya rage ƙarfin wutar da ke tuƙa shi, don haka sai a ƙara masa sauri ba tare da fallen ya ƙara zafi ba. Amma da aka shiga shekarun 2000, tiransisto ya yi ƙanƙantar da wuta ta fara yoyo ta jikinsa ko da yana kashe, rage ƙarfin wutar ya gagara, duk ƙarin sauri kuma sai ya zama ƙarin zafi. Pentium 4 ta tsaya a bugu biliyan 3.8, kuma a 2004 Intel ta soke shirin fitar da mai bugu biliyan 4.

Yawan tiransisto dai bai daina ƙaruwa ba, sai injiniyoyi suka yi amfani da rarar wajen dasa cibiyoyi da yawa masu matsakaicin sauri. IBM ta fitar da masarrafar POWER4 mai cibiya biyu a 2001 don manyan kwamfutoci, a 2005 kuma Intel da AMD suka kawo masu cibiya biyu ga kwamfutocin gida da ofis. Tun daga nan nauyin ƙara sauri ya sauka daga wuyan masu ƙera na'ura, ya hau wuyan masu rubuta manhaja.

Mene Ne Zare?

Idan aka buɗe manhaja, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, wato irin su Windows ko Linux ko Android, tana yanka mata fili a cikin ma'adanar na'ura inda za ta ajiye bayananta. A cikin wannan fili ne ake bin umarnin manhajar ɗaya bayan ɗaya. Wannan jerin bin umarni, daga farkonsa zuwa ƙarshensa, shi masana suka yi wa laƙabi da zare, domin yana tafiya ne a miƙe kamar zaren saƙa. Manhaja ɗaya tana iya samun zare fiye da ɗaya, kuma duk zaruruwanta fili ɗaya suke tarayya a kai: abin da wannan ya rubuta a ma'adana, wancan yana iya karantawa, yana kuma iya gogewa. Wannan tarayya ita ce amfanin zaruruwa, ita ce kuma tushen matsalolinsu, kamar yadda za a gani nan gaba.

Ya kamata a bambanta abubuwa biyu. A na'ura mai cibiya ɗaya ma ana iya gudanar da zaruruwa da yawa, ta hanyar karɓa-karɓa: babbar manhaja tana ba wannan zare ɗan taƙin lokaci, ta dakatar da shi, ta ba wancan, da saurin da mutum ba ya iya lura. Wannan kamar mai abinci ɗaya ne da ya ɗora tukwane uku, yana kewayawa yana duba kowace. Idan kuwa cibiyoyi suna da yawa, zaruruwa suna gudana ne a lokaci guda da gaske, kamar masu girki uku kowa da tukunyarsa. Na farkon yana hana manhaja daskarewa yayin da take jiran wani abu. Na biyun shi ne ke rage tsawon lokacin aiki.

Wani abin lura shi ne, zare ba shi da iko a kan lokacin da za a dakatar da shi. Babbar manhaja tana iya tsayar da shi a tsakiyar kowane aiki, kuma wurin da ta tsayar da shi yau ba lalle ya zama nan za ta tsayar da shi gobe ba.

Tsarin Gina Manhaja da Matakan Taimakonsa

Mai gina ɗaki ba ya ƙera ƙusa da ƙyaure da kansa. Yana sayen su a shirye. Haka ma mai rubuta manhaja. Tsarin gina manhaja tarin kayan aiki ne da aka riga aka rubuta aka gwada, na buɗe fayil, da zana taga a fuskar kwamfuta, da magana da intanet, da sarrafa zaruruwa. Microsoft ta fitar da .NET a 2002, tare da harshen rubuta manhaja na C#, wanda Anders Hejlsberg, ɗan ƙasar Denmak, ya jagoranci tsara shi. Da farko a kan Windows yake aiki. Daga 2016 sabon reshensa ya fara aiki a kan Linux da kwamfutocin Apple, kuma rubutun cikinsa a buɗe yake ga kowa.

Taimakon da .NET ya bayar kan zaruruwa ya zo ne hawa-hawa. A matakin farko, mai rubutu yana ƙirƙirar zare da hannunsa, ya ba shi aiki, ya tayar da shi, ya jira ya gama. Wannan yana da tsada, domin a kan Windows kowane zare ana ware masa kimanin megabait ɗaya na ma'adana, kuma idan zaruruwa suka fi cibiyoyi yawa nesa ba kusa ba, lokacin da ake ɓatawa wajen sauke wannan a ɗora wancan yana cinye ribar. Saboda haka tun a fitowar farko aka tanadi ayarin zaruruwa, wato 'yan zaruruwa da ke zaune a shirye, duk aikin da ya zo ɗaya ya ɗauka, in ya gama ya koma ya jira wani.

Babban sauyi ya zo a 2010, da fitowar .NET 4.0, wanda ya ƙunshi wani sashe mai suna Task Parallel Library. Hikimarsa ita ce a sauke wa mai rubutu nauyin tunanin zaruruwa. Nasa shi ne ya faɗi gunduwoyin aikin da ba su dogara da juna ba. Na tsarin kuma shi ne ya duba cibiyoyi nawa ne a na'urar, ya yanke zaruruwa nawa za su yi aiki, ya raba musu. Kowace gunduwar aiki ana kiranta Task, kuma tana ɗauke da alkawarin kawo sakamako idan ta kammala. Akwai kuma umarnin Parallel.For, wanda ke karɓar aikin da ake maimaitawa sau dubbai ya rarraba shi, da PLINQ mai yin irin wannan ga tace bayanai da tara su. Manhajar da aka rubuta ta wannan hanya, in an kai ta na'ura mai cibiya biyu za ta yi amfani da biyu, in an kai ta mai goma sha shida za ta yi amfani da goma sha shida, ba tare da an sake rubuta ta ba. Ayarin zaruruwan ma yana auna yawan aikin da ake kammalawa, yana ƙara zare ko ya rage don ya ga inda aiki ya fi tafiya.

Misali daga Ilmin Halittu

Domin a ga yadda abin ke gudana, a ɗauki wani aiki da masu nazarin halittu ke yi. Bayanan gadon ɗan Adam suna rubuce ne a cikin sinadarin DNA da haruffa huɗu: A, C, G da T. Kwafi ɗaya na wannan kundi yana da haruffa kimanin biliyan 3, a rarrabe cikin ƙunshe-ƙunshen da ake kira kuromosom. A ce ana so a ƙirga G da C nawa ne a cikinsa, abin da aka sani ya kai kusan kashi 41 cikin ɗari. Zare ɗaya zai fara daga harafin farko ya bi har na ƙarshe. Amma ƙirgar wani yanki ba ta bukatar sanin abin da ke wani yankin, don haka aikin yana rabuwa cikin sauƙi.

Dabarar da za ta fara zuwa a rai ita ce a ba kowane zare kuromosom ɗaya. Sai dai kuromosom ba girmansu ɗaya ba. Na 1 yana da haruffa kusan miliyan 248, na 21 kuwa bai kai miliyan 50 ba. Wanda aka ba ƙaramin zai gama ya zauna, wanda aka ba babban yana can yana fama, kuma aiki bai ƙare ba sai na ƙarshe ya ƙare. Duk wanda ya taɓa zuwa gayya ya san wannan: in aka yanka wa kowa yankinsa tun da safe, wani zai faɗa kan ƙasa mai laushi ya gama da hantsi, wani ya faɗa kan mai ƙiri-ƙiri ya kai azahar. Abin da ya fi shi ne a riƙa ɗaukar kunya ɗaya-ɗaya, wanda ya fita tasa ya kama ta gaba. Haka Parallel.For yake yi: yana yanka aikin ƙanana-ƙanana, duk zaren da ya gama ya ɗebi wani.

Akwai kuma wata dabara da ake kira satar aiki. Da a ce duk zaruruwa daga tsibi ɗaya suke ɗiba, da cunkoso ya yi yawa a bakinsa. Don haka kowane zare na cikin ayari yana da nasa layin, inda yake jera sababbin gunduwoyin da aikinsa ya haifar. Shi mai layin yana ɗauka ne daga na baya-bayan nan, domin bayanansu suna nan kusa da cibiyarsa. Idan wani zare ya rasa abin yi, sai ya leƙa layin maƙwabcinsa ya zari gunduwa daga ɗaya ƙarshen, wato mafi daɗewa. Da yake ɗaya yana ɗauka ta kai ɗaya kuma ta wutsiya, ba su cika yin karo ba. Robert Blumofe da Charles Leiserson na cibiyar MIT da ke Amurka su ne suka kafa hujjar ingancin wannan dabara a tsakiyar shekarun 1990, a aikinsu na harshen Cilk. Harshen Java ma ya ɗauke ta a fitowarsa ta 7, a 2011, ta hannun Doug Lea.

Abin sha'awa shi ne, ƙwayar halitta ta riga injiniyoyi gano amfanin raba aiki. Injin da ke kwafar DNA a jikin ɗan Adam yana tafiya ne da kimanin harafi 50 a sakan. Da a ce daga wuri ɗaya yake farawa a kowane kuromosom, da kwafar manya daga cikinsu ta ɗauki makonni. Amma ƙwayar tana buɗe dubban wuraren farawa, sai a kammala kwafar duka cikin kimanin awa takwas.

Rige-Rige: Haɗarin Tarayya

A koma kan ƙirgar G da C. A ce an ajiye jimilla guda ɗaya a ma'adana, duk zaren da ya ga G ko C ya ƙara ɗaya a kanta. A idon mutum, ƙara ɗaya taki ɗaya ne. A wurin masarrafa taki uku ne: ta karanto lambar, ta ƙara ɗaya, ta mayar. To, a ce jimilla tana 100. Zare na farko ya karanto 100. Kafin ya mayar, zare na biyu shi ma ya karanto 100. Na farko ya rubuta 101, na biyu shi ma ya rubuta 101. An ga haruffa biyu, amma ɗaya aka ƙirga. Wannan kuskure shi ake kira rige-rige, domin sakamakon ya danganta ne da wanda ya riga wani isa.

Muninsa shi ne ba ya barin sawu. Manhajar ba ta tsayawa, ba ta nuna alamar kuskure, amsa kawai take bayarwa wadda ba daidai ba, kuma in aka sake gudanar da ita sai ta ba da wata dabam. Wani rige-rigen ana iya gwada manhaja sau dubu bai bayyana ba, sai ranar da abubuwa suka haɗu a kan wata gaɓa ta musamman.

Tarihi ya nuna cewa abin ba wasa ba ne. Tsakanin 1985 da 1987, na'urar gashin cutar daji mai suna Therac-25 ta zuba wa marasa lafiya aƙalla shida haske mai ƙarfin da ya wuce ƙima a asibitocin Amurka da Kanada, wasu daga cikinsu suka rasu. Binciken da Nancy Leveson da Clark Turner suka wallafa a 1993 ya nuna cewa ɗaya daga cikin kurakuran rige-rige ne: idan ma'aikaci ya gyara umarnin da ya shigar cikin kimanin sakan takwas, yayin da na'urar ke daidaita kanta, sashen da ke saita ta ba ya ganin gyaran. Ƙwararrun ma'aikata masu saurin hannu su ne suka fi faɗawa tarkon. Haka kuma a ranar 14 ga Agusta 2003, wani rige-rige ya daskarar da manhajar ƙararrawa a ɗakin kula da wutar lantarki a jihar Ohayo, ma'aikata suka shafe fiye da awa ɗaya ba su san layuka suna faɗuwa ba. Wannan yana cikin dalilan ɗaukewar wutar da ta shafi mutum kimanin miliyan 50 a arewa maso gabashin Amurka da lardin Ontariyo na Kanada. Waɗannan manhajoji ba da .NET aka gina su ba, amma irin kuskuren ɗaya ne a kowane tsari.

Makulli da Kiki-Kaka

Maganin rige-rige na asali shi ne a hana zaruruwa biyu taɓa abu ɗaya a lokaci ɗaya. Edsger Dijkstra, masani ɗan ƙasar Holan, shi ya shimfiɗa tushen wannan fanni a 1965. A harshen C# akwai kalmar lock, wadda ke aiki kamar ɗaki mai makulli ɗaya: wanda ya shiga ya riƙe makullin, sauran su jira a ƙofa har ya fito. Ga ƙananan ayyuka irin ƙara ɗaya, akwai sashen Interlocked, wanda ke sa masarrafa ta haɗe takun nan uku su zama ɗaya da ba a iya shiga tsakaninsa. A 2010 kuma an ƙaro ma'adanai na musamman, irin su ConcurrentDictionary da ConcurrentQueue, waɗanda ke tsare kansu da kansu.

Sai dai makulli yana da farashi. Idan zaruruwa takwas za su kulle jimilla sau fiye da biliyan ɗaya, rijiya ce mai guga ɗaya da masu ɗiba takwas: mafi yawan lokacinsu a layi zai ƙare, har aikin ya fi na zare ɗaya daɗewa. Hanya mafi kyau ita ce a rage tarayyar tun daga tushe. Kowane zare ya riƙe ƙirgarsa shi kaɗai, sai ya gama kaf sannan ya ɗauki makulli sau ɗaya ya zuba nasa a kan jimilla. Parallel.For yana da tanadi na musamman don wannan salo.

Makulli yana kuma iya haifar da wata matsala. A ce mata biyu suna son daka, ga turmi ɗaya ga taɓarya ɗaya. Ɗaya ta riƙe turmi tana jiran taɓarya, ɗaya ta riƙe taɓarya tana jiran turmi, kuma ba wadda za ta saki nata. Haka za su wuni. Idan zaruruwa biyu suka shiga wannan hali, an yi kiki-kaka ke nan, manhaja ta daskare. Sanannen maganinsa shi ne a kafa doka cewa duk mai bukatar makullai biyu da tsari ɗaya zai ɗauke su: turmi tukuna, sannan taɓarya. Wadda ba ta sami turmi ba ba za ta taɓa taɓarya ba, don haka ɗaya za ta daka ta gama, ɗaya ta biyo baya. Tsarin .NET yana ba da makullan, amma kiyaye wannan doka aikin mai rubutu ne.

Lokacin Jira

Ba kowane jinkiri ne yawan lissafi ke jawowa ba. Manhajar da ta aika neman bayani ta intanet tana iya jiran rabin sakan kafin amsa ta zo, kuma a rabin sakan cibiya ɗaya tana iya yin bugu fiye da biliyan ɗaya. Ajiye zare guda yana gadin amsa asara ce. In kuwa zaren da ke kula da fuskar manhajar ne, sai mai amfani ya ga komai ya tsaya cak. A 2012, C# ta biyar ta kawo kalmomi biyu, async da await. Idan aiki ya iso wurin jira, sai a yi alama a wurin, a saki zaren ya tafi wani aiki. Amsa na isowa sai a ci gaba daga inda aka tsaya. Kamar mai kai niƙa ne da ya ajiye kwanonsa a wurin mai inji ya wuce cefane, maimakon ya tsaya yana kallon inji. Da wannan dabara kwamfutar da ke ɗauke da shafin intanet take iya sauraron dubban masu ziyara da 'yan zaruruwa kaɗan. Daga baya harsunan Python da JavaScript su ma sun ɗauki waɗannan kalmomi biyu.

Dokar Amdahl

Ko da an kauce wa dukan waɗannan ramuka, akwai iyakar da lissafi ya gindaya. Gene Amdahl, wanda ya yi fice wajen tsara manyan kwamfutocin IBM, ya bayyana ta a 1967. A kowane aiki akwai ɓangaren da ba ya rabuwa, kamar buɗe fayil a farko da haɗa sakamako a ƙarshe. A ce wani aiki yana ɗaukar minti 100 a cibiya ɗaya: minti 90 masu rabuwa, minti 10 marasa rabuwa. Da cibiya 2, sai ya koma 45 da 10, wato minti 55. Da cibiya 4, minti 32 da rabi. Da cibiya 8, minti 21 da kwata. Da cibiya 16, kusan minti 15 da rabi. Ko da za a kawo cibiya dubu, ba zai sauko ƙasa da minti 10 ba. A lura cewa cibiya 8 sun ninka saurin ne ƙasa da sau biyar, kuma ƙarin wasu takwas a kansu bai rage ko minti shida ba. Gayya tana gama noma da shuka cikin yini, amma ba ta sa gero ya nuna kafin lokacinsa.

A 1988 John Gustafson, yana aiki da na'ura mai masarrafa 1,024 a ɗakin bincike na Sandia a Amurka, ya nuna ɗaya fuskar al'amarin. Wanda ya sami manyan kayan aiki ba ya tsayawa kan ƙaramin aikin jiya. Yana ɗauko wanda ya fi shi girma. Idan aikin ya girma alhali ɓangaren da ba ya rabuwa bai girma sosai ba, to rabon wannan ɓangare yana raguwa. Shi ya sa hasashen yanayi da nazarin kundin gado na dubban mutane suke cin moriyar dubban cibiyoyi, amma buɗe 'yar takardar wasiƙa ba ya ƙaruwa da komai.

Kammalawa

Tsarin gina manhaja irin .NET ya ɗauke wa mai rubutu wahalhalu masu yawa: ƙirƙirar zaruruwa, da ƙayyade yawansu, da daidaita musu kaya, da sakin su a lokacin jira. Abin da bai ɗauke ba shi ne tambayoyi uku da sai mutum ya amsa su da kansa. Waɗanne sassan aikin ne ba su dogara da juna ba? Wane bayani ne zaruruwa ke tarayya a kansa, kuma za a iya rage shi? Kashi nawa ne na aikin ba ya rabuwa? Wanda ya sa Parallel.For a kan aikin da sassansa ke rubutu a wuri ɗaya, amsar da ba daidai ba zai samu, sai dai da sauri.

Malamai suna iya nuna wa ɗalibai waɗannan darussa ko da babu kwamfuta a makaranta. A rubuta dogon jerin haruffan A, C, G da T a takardu ashirin masu bambancin tsawo. A sa ɗalibi ɗaya ya ƙirga G da C, a auna lokacinsa. Sannan a sa huɗu su yi, kowa yana zuwa allo ya gyara jimilla duk sa'ad da ya ga harafi, da alli ɗaya tak a tsakaninsu. Daga ƙarshe a sa huɗun su ƙirga kowa a littafinsa, wanda ya gama takarda ya ɗauki wata, a haɗa jimilla sau ɗaya a ƙarshe. Kwatanta lokutan nan uku a allo zai isa ɗalibi ya gane abin da yawan cibiyoyi ke iya bayarwa, da sharuɗɗan da sai an cika su kafin a samu.